Buhun Takin Da Ya Ƙi Gudu

Jiya da la'asar ruwan shuka ya sauka a Kankia. Ina cikin shago ina gyara ma wani mai sayar da yadi shafinshi na intanet, sai na ji iska ta bugo ƙofa, ledoji suna tashi sama, masu tebur a bakin titi suna ta kwashe kaya a guje. Kafin in miƙe in rufe taga, ƙanshin ƙasa ya riga ya shigo. To ni duk sanda wannan ƙanshin ya bugi hancina, ba inda hankalina ke tafiya sai daminar nan da azumi ya faɗo a tsakiyar shuka, shekarar da saura ƙiris Baba ya musanya kwamfutata da buhun taki.

Ni dai a ajin farko na babbar sakandare na bar makaranta. Ba korata aka yi ba, zaman ne ba na iyawa. Na gwada faci, na gwada acaɓa, na gwada tsaron tireda, kowanne in na ɗan taɓa sai in ji ya ishe ni. Daga ƙarshe na faɗa shagon Oga Sande, wani mutumin Kudu mai hoton takardu a nan Kankia, wanda ya daɗe a garin har Hausarshi ta fi ta wasunmu gishiri. Shi ya ba ni wata tsohuwar kwamfutar cinya da ya fid da rai da ita. Murfinta da robar taya aka ɗaure shi, batirinta kuma in ka cika shi bai fi ya kai ka tsakanin azahar da la'asar ba. A cikinta na iske darussan da wani ƙanen Oga ya bari na yadda ake gina shafi. Ka rubuta 'yan layuka, ka adana, ka buɗe, sai ka ga abin da ka rubuta ya zama launi, ya zama akwati, ya zama abu mai motsi. Ranar da na fara sa rubutu ya juye daga ja zuwa kore in 'yar kibiyar nan ta kwamfuta ta bi ta kanshi, wallahi tuwo ma ƙin ci na yi.

Sai na buɗe shafina. Abin da nake yi, in saurari rediyon Baba da safe, in ji abin da manya suka ce a Abuja, in cika in batse, in zo in zazzage a shafin. Shekarar kuwa ana shirin shiga zaɓe, kullum sai ka ji wane ya bar jam'iyyar nan ya koma waccan, jibi ya dawo. Na zana hular ɗan siyasa, na sa ta riƙa canza launi duk sanda kibiya ta gifta. Na yi wata motar mai wadda komai daɗewar da za ka yi kana kallonta tana tafiya, ba ta isa gidan mai. Masu karanta shafin nawa mu uku ne: ni, da Oga Sande, da abokina Ɗanlami mai cajin waya na ƙauyenmu. Sauran mutanen gari kuwa suna suka ba ni, Injiniya, kuma ba don girmamawa ba.

Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne, can bayan Kafin Soli in za ka yi wajen Kusada. Azumin shekarar ya zo da rana irin wadda ko akuya ba ta yarda ta fita inuwa. Rumbunmu tun kafin a ga watan azumi Inna ke shiga ciki da tsintsiya. Sahur ɗinmu tuwon jiya ne da aka ɗumama, wani lokacin kuma garin kwaki da ƙuli. Buɗa-baki kunun tsamiya ne wanda kana iya ganin ƙasan kofi ta cikinshi, sai kwaɗon zogale in an samu. Ƙanƙara kuwa sai dai labari, sai wanda ya je Kankia ya sayo ya naɗo ta a buhu da ƙaiƙayi, kafin ya iso rabi ya tsiyaye. Rijiyar unguwarmu ta yi ƙasa, guga na fitowa da ruwa mai laka, Inna ta zuba a randa ta bari ya kwanta. Da azahar in ka bi ta gindin darbejiyar masallaci za ka iske dattijai a shimfiɗe, kowa ya jiƙa mayafi ya lulluɓa, ba mai ce ma wani uffan.

Da ruwan farko ya sauka muka fita gaba ɗaya. Baba na gaba da sungumi yana sara, ni da Inna muna bi muna zuba iri muna takewa da diddige. Daga sallar asuba muke tafiya, kafin rana ta yi tsaka harshena ya manne da ganda. Gero ya fito, dawa ta fito, muka yi murna. Sai ruwa ya ɗauke. Hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, a ji sanyin iska, mata su fara jera robobi a bakin indararo, sai ya watse. Haka ya yi ta yi mana. Da ruwan ya dawo kuma, shukar ta riga ta galabaita, ganyen ya yi ɗorawa-ɗorawa, ga ƙasarmu jigawa ce da ta gaji. Ɗan takin gida da muka kai kan jaki tun bazara bai kai ko'ina ba. Kowa ya san abin da take so, takin zamani, kuma ba mai halin saye.

Ni kuma ga halina. Muna noman firi, wato na farko, ina riƙe da hauya amma kaina na kan layukan da na bari ban gama ba. Da an tashi sai in saɓa kwamfuta in nufi rumfar Ɗanlami, inda yake da sola, in roƙe shi ya ba ni soket guda.

Wata rana bayan an sha ruwa, Baba ya kira ni. Yana zaune kan buzu, rediyo a gefe.

Ya ce, "Kai Nasiru, wannan akwatin naka, mi take haihwa?"

Na ce, "Baba, ilimi ne. Nan gaba za ka gani."

"Nan gaba gero na jira nai?" Ya ɗan kurɓi kunu. "Na yi magana da wani mai gyaran waya. Ya ce in an kai mashi ita, za ta yi buhun takin kamfa guda. Ranar kasuwa mai zuwa ka ɗauko ta mu tahi tare."

Inna na bakin murhu ta ce, "Malam, a ɗan bar mashi zuwa Sallah mana."

Ya ce, "Shukar za ta kai Sallah? Ke ma kin gan ta."

Gaskiyarshi ce. Na shiga ɗaki na zauna ina kallon robar tayar nan da ke ɗaure da murfin.

Abin da ya fi ƙona mani rai, akwai taki a garin. Kowa ya sani. Akwai wani ɗan siyasa a ƙauyenmu da ake ce ma Alhaji Daliget, don duk zaɓen fid da gwani da za a yi sai an tafi da shi, ya kwana a otal ya dawo da sabuwar babbar riga. Wani babba da ke neman kujera a Abuja ya aiko da taki a raba ma manoma, har a rediyo aka faɗa. Motar ta iso garinmu da rana tsaka, lokacin da kowa ke kwance azumi ya kayar da shi, aka sauke a siton Alhaji aka datse da kwaɗo. In ka tambaye shi sai ya ce siminti ne. In ka matsa sai ya ce ana jiran umarni daga sama. Mu kuwa mun san abin da ake jira: a gama rigimar jam'iyya, a ga wa ke tare da wa, sannan a raba ma 'yan gaban goshi.

Na ce to, tunda rabuwa zan yi da kwamfutar nan, bari in yi bankwana da ita da abin da zai huce mani haushi. Na zana buhun taki, fari mai ratsin kore, na rubuta a samanshi da manyan baƙaƙe: Danna nan ka karɓi takin tallafi. Sai na yi mashi dabara. Ka san a kwamfuta kafin ka danna abu, sai ka ja 'yar kibiyar nan ta je kanshi. To na rubuta cewa da zarar kibiya ta taɓa gefen buhun, ya yi tsalle ya koma wata kusurwa. Ka bi shi can, ya dawo nan. Har abada ba ka kama shi. Na gwada, na gwada, ina dariya ni kaɗai har Inna ta leƙo ta ce lafiya. Na ce wannan shi ne alkawarin ɗan siyasa, kana ganinshi, hannunka ba ya kaiwa.

Amma a darasin an ce duk abin dannawa sai ka rubuta mashi abin da zai fito in an danna. Ni kuma na san ba mahalukin da zai taɓa ganin wannan saƙon, tunda buhun ba ya kamuwa. Sai na rubuta abin da ke raina kawai: Barka! Allah ya ba ka. Ɗauki jakinka ka je ƙofar gidan Alhaji Daliget, takinka na cikin sito. A ƙasan shafin kuma, don son a sani, na sa: Injiniya Nasiru ne ya gina.

Washegari na hau bayan wata motar itace na je Kankia, na ɗora shafin daga shagon Oga Sande. Shi ma ya bi buhun da maus har ya gaji, yana dariya yana cewa, "Kai yaro, kanka ba daidai ba." Na tura ma Ɗanlami adireshin, na ce ya jefa a guruf ɗin 'yan garinmu na waya. Ni ba ni da babbar waya a lokacin, 'yar ƙarama gare ni mai tocila, irin wadda ake ce ma rakani-kashi. Don haka ko sau ɗaya ban buɗe shafin nan a waya ba.

Ashe a waya babu kibiya. Yatsa ba ya rarrafowa ya taɓa gefe, daga sama yake dira. Buhun da na yi ma horon gudu, duk wanda ya dangwala mashi yatsa sai ya kama shi caraf, saƙon ya fito.

Da hantsin washegari muna gona ni da Baba, sai muka ga mutane na wucewa ta burtali. Wannan da jaki, wannan da baro, wani ya ɗaure buhunan wofi a bayan keke. Da farko mun zaci rasuwa aka yi, to amma ba a zuwa jana'iza da mangala. Sai ga Kawu Bawa, yayan Inna, yana kora jakinshi yana haki.

Baba ya ɗaga murya, "Bawa, ina zuwa da rana haka?"

Ya ce, "Ba ku ji ba? An saki taki! Waya ta hwaɗi. Ni da yatsana na taɓa a rumfar Ɗanlami, ta ce Allah ya ba ni."

Na ce, "Kawu, buhun bai gudu ba?"

"Gudu kamar yaya? Buhu na gudu? Kai dai Injiniya ba ka rabo da shirme."

Baba ya juyo ya dube ni. Ya saɓa hauya ya ce, "Wuce mu tahi."

Kafin mu isa, ƙofar gidan Alhaji ta cika. Ba 'yan garinmu kaɗai ba, har daga Kaikai da ƙauyukan gefe, don saƙon ya fita daga guruf ɗinmu ya shiga wasu. Jakuna sai kuka suke, rana na dukan kowa, leɓuna duk sun bushe. A hanya na hangi rumfar Ɗanlami, dattijai sun yi layi, yana miƙa masu wayarshi ɗaya bayan ɗaya. Wasu yatsun nasu sun yi kanta da hauya har gilashin ba ya jin su, sai ya kama ɗan ƙaramin yatsan mutum ya dangwala mashi. Ya hango ni ya ɗaga hannu, "Injiniya! Abinka na aiki!" Kamar in nutse.

Alhaji Daliget ya fito da singileti da hula a karkace. Ya ce wane irin wulaƙanci ne wannan, wa ya ce masu yana da taki. Aka miƙa mashi wayoyi ta ko'ina. Ya karanta, ya gangara ƙasa, ya ga sunana.

"Ina ɗan gidan Malam Isuhu? Ina shi ke?"

Mutane suka dare, aka bar ni tsaye a fili, ƙafafuna duk ƙasar gona.

Ya ce, "Kai, ɗan iska marar aikin yi! Wa ya aike ka? Yau a caji ofis za ka sha ruwa. Da kai da kwamfutar taka sai na sa an kulle ku."

Na buɗe baki in ce wasa ne, buhun ya kamata ya gudu. To wa zai fahimci wannan bayanin a cikin ranar nan? Sai na ji hannun Baba a kafaɗata, ya ɗan tura ni gefe ya shiga gabana.

Baba ba mai yawan magana ba ne, kuma ko a lokacin bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, yi haƙuri. Yaron nan nawa ne, na kuma san ba shi da kai. Amma abin bai kai na caji ofis ba tukuna. Ya ce akwai taki cikin siton nan. Kai da azumi a bakinka, mu ma da azumi a bakinmu. Ka ce mana wallahi babu. In ka hwaɗi haka, ba sai ka buɗe ba. Ni da hannuna zan kai maka shi, in haɗa maka da akwatin, jama'a kuma kowa ya kora jakinshi gida."

Kawu Bawa ya ce, "Awo. Rantse kawai, Alhaji, mu watse."

Alhaji ya dubi sito, ya dubi jama'a. Ya gyara hula. A goman ƙarshe muke, jiya-jiyan nan shi ya ba da kuɗin man janaretan masallaci aka yi ta sa mashi albarka. Ga kuma wasu samari daga ɓangaren da ba sa ga-maciji da shi a jam'iyya, sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Na ga gumi na bin wuyanshi.

Abin da ya yi daga nan, har gobe ina sara mashi. Sai kawai ya fashe da dariya, ya tafa hannu, ya ce, "Kai jama'a, ba ku san wasa ba! Ai ni na sa yaron ya sanar. Yanzu zamani ya canza, komai ta intanet ake yi. Gwada ku nake in ga ko saƙo ya isa." Ya jawo ni ya rungume, yana bubbuga bayana da ƙarfin da ya wuce na ƙauna, ya raɗa mani a kunne, "Za mu haɗu." Sannan ya ɗaga murya, "A kawo makulli!"

Da aka zare kwaɗon nan aka turo ƙofa, warin taki ya bugo mu, ga buhuna jibge har rufi. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, azumi ko ba azumi ba. Mutane sun yi yawa, bai isa kowa ya samu buhu ba, sai liman da mai unguwa suka zauna aka riƙa haɗa gidaje ana aunawa da tiya. Mu da gidan Kawu Bawa da wani maƙwabcinmu muka tashi da buhu guda. Ni na ɗauko namu kason a ka, ina tafe samari na bina suna, "Injiniya! Injiniya!" Sunan nan dai shi ne, amma ranar daban ya shiga kunnena.

Da yamma hadari ya haɗu, wannan karon bai watse ba. Mun sha ruwa muna jin ruwan sama yana dukan kwanon rufi, Inna na ta tarar na indararo. Da safe muka fita da takin a ƙwarya. Don ya isa, da murfin kwalba muka riƙa aunawa, kowane gindi murfi guda, a tona gefe a zuba a rufe. Bayana kamar zai karye, amma ban ji ko ɗigon ƙyuya ba. Kafin Sallah gonar ta juye ta yi kore shar, har baƙi-baƙi take yi in ka hango ta daga burtali.

Ranar kasuwar da Baba ya sa ta zo. Na tashi na naɗe wayar caji, na sa kwamfutar a buhu, na zo na tsaya a gabanshi, don bai ce ya fasa ba. Ya dube ni, ya dubi buhun.

Ya ce, "Hiddo ta. Nuna mani abin da ka yi."

Na buɗe na ɗora mashi a cinya, na sa yatsanshi a inda ake jan kibiya. Ya nufi buhun a hankali kamar mai kamun kaza. Buhu ya yi tsalle. Ya bi shi, ya sake tsalle. Ya ce, "Kai!" Ya gyara zama ya sake bi. Inna ta baro wanke-wanke ta zo ta tsaya a kanshi tana, "Ga shi can, Malam, ta hagu!" Ban taɓa ganin Baba ya yi dariya har da hawaye ba sai ranar.

Da ya gaji ya share ido da hannun riga ya ce, "To wannan shi ne na gaskiya. Haka suke. Na wayar hwa, mi ya hana shi gudu?"

Na ce, "Kuskure na yi, Baba. Yanzu na gano inda matsalar take. Layi biyu ne kawai, in na ƙara shi ma zai riƙa gudu."

Ya rufe murfin da kanshi, ya gyara robar, ya miƙo mani. Ya ce, "Kar ka taɓa shi. Mai da akwatinka ɗaki."

Ban taɓa shi ba kuwa. Alhaji Daliget da ya ce za mu haɗu, mun haɗu, don da zaɓe ya matso shi da kanshi ya aiko in yi ma ɗan takararshi shafi. Na ce mashi hannuna da aiki. Yanzu ina da shagona, da kwamfutar da ba ta buƙatar roba, azumi ma ya ja baya ya bar damina, kuma duk abin da na gina sai na gwada shi a waya kafin ya fita. Siyasar dai ina nan ina taɓawa, hular nan har yau tana canza launi, ban ma taɓa buƙatar sabunta ta ba.

Jiya ruwa na tsagaitawa wayata ta yi ƙara. Baba ne, ina jin kukan kwaɗi ta bayanshi. Ya ce sun samu ruwa mai kyau, gobe za su fita shuka, in zo da wuri. Na ce to. Har zan kashe sai ya ce, "Injiniya."

Na ce, "Na'am, Baba."

Ya ce, "An ce wata mota ta sauke kaya a garin nan shekaranjiya. Siminti ne wai. Bana ba za ka yi kuskure ba?"